Babi na Bakwai: Tsara Makon Karatun Yara a Gida da Waiwayarsa

A wannan babi za mu koyi yadda uwa ko uba za su tsara wa yara karatun mako guda a gida, da labarai da kuma kallon halittun Allah, sannan su zauna a ƙarshen mako su duba abin da aka yi. Darasin zai amfani mai koyar da ɗansa a gida gaba ɗaya, zai kuma amfani wanda yaransa suke hutun makaranta. Kayan aikin ba su da yawa: littafin labarai na Hausa guda ɗaya, fensir, da littafin rubutu biyu, ɗaya naku ɗaya na yaro.

Wata malama 'yar Ingila mai suna Charlotte Mason, wadda aka haifa a 1842 ta rasu a 1923, ita ce ta shahara da wannan hanya. A 1886 ta fitar da littafi kan koyar da yara a gida, daga baya ta buɗe makarantar horar da malamai a garin Ambleside. Shawararta ita ce darasin ƙaramin yaro kada ya wuce minti 15 zuwa 20, a karanta masa labari sau ɗaya ya maimaita da bakinsa, kuma a bar shi ya daɗe a waje yana kallon itatuwa da tsuntsaye. Har yau iyalai da dama a Amurka suna bin wannan tsari. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da kakarsa ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, gobe za ku ji yana ba sa'o'insa ita tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus".

Ku zauna ranar Juma'a da yamma ku buɗe littafinku. Ku ja layi, ku rubuta ranaku daga Asabar zuwa Alhamis. A gaban kowace rana ku sa shafin da za a karanta da lokacin da za a zauna. Ku zaɓi lokacin da yaro ya ci abinci kuma bai gaji ba. Idan yana zuwa makarantar allo, ku ware Alhamis don fita, tunda ranar babu karatu. Rana ɗaya kuma ku bar ta fayau ba komai, domin baƙi za su zo, ko suna ya taso, ko zazzaɓi ya kama wani. Tsarin da aka cika maƙil ba ya kai Laraba.

Wurin karatun labari ne iyaye suka fi yin gaggawa, don haka a nan za mu ɗan tsaya. Ku karanta shafi ɗaya ko biyu a natse, sau ɗaya tak. Kafin ku fara ku gaya wa yaro: "Ka kasa kunne, ba zan sake ba, kai za ka ba ni labarin." In kun gama ku rufe littafin ku ce: "To, ɗana, me ya faru?" Sai ku yi shiru. Zai yi in-ina, zai tsallake wani wuri, ƙila ya sa kura a inda zaki yake. Kada ku katse shi. Ku bari ya kai ƙarshe, sannan ku yi masa tambaya kan wurin da ya kuskure, misali wane ne ya fara zuwa bakin rijiya. Sau da yawa da kansa zai gyara. Yaron da ya san za a sake karanta masa ba ya saurare a karon farko, wanda kuwa ake katsewa a kowace jimla daina magana yake yi. Wanda bai kai shekara 6 ba kada a tilasta masa, in ya faɗa da kansa a saurare shi. Kuma kada ku ji kunya idan karatunku bai yi sauri ba tukuna. Karatu a hankali ya fi shiga kunnen yaro.

Wajen kallon halitta, abu ɗaya ya isa a mako. Da damina ku je gindin gawo ku tambayi yaro abin da ya gani. Sauran itatuwa sun yi kore shar, shi kuwa gawo ya zubar da ganye, sai da rani yake fitar da shi. Shi ya sa manomi yake barin sa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne. Kada ku fara faɗa masa wannan, ku bari ya lura tukuna. Gab da faɗuwar damina ku sa shi ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa. In ba ku da halin fita, ku jiƙa ƙwayar wake ku binne a gwangwani, cikin 'yan kwanaki za ta tsiro, yaro ya riƙa zana ta kullum a littafinsa yana sa kwanan wata. Zanen ba sai ya yi kyau ba, amma ya ƙirga ganyen daidai. Idan kun fita, a sa takalmi, kuma kada yaro ya ɗaga dutse ko ya zura hannu a rami saboda kunama da maciji.

Juma'a ta zagayo, sai waiwaye. Ku buɗe shafin da kuka tsara, a gefen kowace rana ku rubuta abin da ya faru da gaske. Ga misali:

"Lahadi: mun karanta, ya maimaita rabi. Litinin: ba mu zauna ba, mun je gaisuwa. Alhamis: mun je kallon gawo, amma tururuwa ta ɗauke masa hankali."

Wannan rubutu shi zai gaya muku abin da za ku sa a mako mai zuwa. Ya maimaita rabi? To karatun ya yi masa tsawo, ku rage zuwa shafi ɗaya. Tururuwa ta ja shi? Ku ba shi mako guda da ita, ya bi layinta ya ga inda take kai tsaba, gawo yana nan ba inda za shi. Ranar da aka rasa kuma kada ku ɗora ta a kan wata don a rama, ku ci gaba daga inda aka tsaya. Ku kira yaron ku tambaye shi labarin da ya fi so da abin da yake son gani, ku rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta.

Aiki: Ku tsara mako guda a littafinku, ku bar rana ɗaya ba komai. Ku zo da shi aji mako mai zuwa tare da jimla uku kan abin da ya faru, kowa ya karanta wa na kusa da shi.