Yadda ake zaɓa wa yaro ɗan shekara 10 zuwa 12 ƙaramar kyamara mai sauƙin kuɗi a Damagaram

Iyaye da dama a Damagaram ba sa son miƙa wa yaron da bai shiga kolej ba waya mai intanet, amma suna ganin yadda yake ƙwallafa rai a kan ɗaukar hoto duk lokacin da aka yi suna, ko biki, ko hawan Sallah a ƙofar fadar Sarki. Ƙaramar kyamara da ke shiga aljihu tana raba wannan gardama, domin hoto da bidiyo kaɗai take yi. Sai dai mai saye ya sani cewa abin da ke kashe kyamara a garinmu ƙura ce da zafi da rashin batir, don haka a kan waɗannan ya kamata ya fi tsananta bincike.

Mataki na farko shi ne a tsayar da kuɗin da za a kashe, a kuma ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don katin ajiya da batir da ƴar jaka. Tun da wayoyi suka cinye kasuwar hoto, manyan kamfanoni sun rage ƙera ƙananan kyamarori masu araha, saboda haka sababbi kaɗan ne suka rage, irin su Kodak Pixpro FZ45 da FZ55. Sauran galibi na hannu ne: Canon PowerShot da IXUS, Nikon Coolpix, Sony Cyber-shot da Panasonic Lumix. A ganina ta hannu mai lafiya daga ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ta fi sabuwa marar suna, ko da kwalinta ya fi ƙyalli.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne a buɗe murfin ƙasa a duba irin batir ɗin da take ci. Wasu kyamarori, kamar FZ45 da yawancin tsofaffin Canon PowerShot na jerin A, suna aiki da batir AA, irin wanda ake sa wa tocila da ƙaramar rediyo, wanda ake samu a Kasuwar Dole da kusan kowane shagon unguwa. Amma batir mai arha na tebur ba ya jure kyamara, yakan mutu bayan hotuna kaɗan, don haka ya fi kyau a sayi huɗu masu caji tare da cajarsu, biyu na ciki biyu na jira, wanda hakan ke da amfani sosai a lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Wasu kuwa suna da batir nasu na musamman mai lamba a jiki, misali NB-11L na Canon ko EN-EL19 na Nikon. Irin wannan yana sa kyamara ta yi sirantaka, amma idan ya mutu sai an aika Kano ko Yamai neman mai lambar daidai. Kada a biya kuɗi sai an ga cajar da ido, an kuma tabbatar batir ɗin bai kumbura ba, domin kumburi alama ce ta cewa zafi da shekaru sun gama da shi.

Na uku shi ne katin ajiya. A nemi kyamarar da ke karɓar katin SD, a guji tsofaffin Olympus da Fujifilm masu katin xD da tsofaffin Sony da ba sa karɓar komai sai Memory Stick, saboda samun waɗannan katuna yanzu wahala ne. Akwai kuma wani tarko da masu sayarwa kansu ba duka suka sani ba: kyamarorin da aka ƙera kafin 2006 yawanci ba sa karanta katin da ya wuce giga 2, wasu na bayansu kuma suna tsayawa a giga 32. Kati mai giga 16 yana ɗaukar dubban hotuna, ya ishi yaro har ya yi yawa.

Na huɗu shi ne idon kyamarar. Yawancin ƙananan kyamarori suna da ido mai fitowa waje idan an kunna, ya koma ciki idan an kashe, kuma ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga tsakanin zobbansa tana iya maƙale shi har abada. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke cika ɗaki da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, ya kuma san cewa yaro zai ajiye abinsa a ƙasa ya shiga ƙwallo, zai gane girman wannan matsala. Idan aljihu zai iya, a nemi irin waɗanda aka rufe ruf don shiga ruwa, kamar Nikon Coolpix W100 da W150 ko Fujifilm FinePix XP, waɗanda idonsu ke motsi a ciki bayan gilashi. Ita W150 an yi ta ne da yara a zuciya: maɓallanta manya ne, tana jure ruwa har zurfin mita 10 da faɗuwa daga tsayin mita 1.8. Ba don ninƙaya muke son ta ba a nan. Abin da ya hana ruwa shiga shi ke hana ƙura. Idan ba a samu irinta ba, to jaka mai zif da igiyar ratayawa a hannu sun zama dole.

Batun megafiksal, wato ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, wanda mai shago zai fara ambata, ba ya buƙatar dogon tunani. Hoton da za a wanke a girman santimita 10 da 15 megafiksal 2 ma sun ishe shi, saboda haka 12 ko 16 sun wadatar. A yi hattara da ƙananan kyamarori marasa suna masu alƙawarin megafiksal 48 a kan kuɗi kaɗan, domin yawanci na'urar ce ke kumbura ƙaramin hoto. Haka nan wajen jawo nesa kusa, a nemi inda aka rubuta “zoom optique” ko “optical zoom”, ninki 4 ko 5, wanda gilasai ne ke motsawa da gaske. Wanda aka kira na dijital yanke hoton kawai yake yi, ya fito dishi-dishi.

Daga nan sai gwaji, kuma a je da yaron da katin da aka saya. A kunna a kashe sau da yawa ana sauraron idon, kada a ji ƙara ko tsayawa. A ɗauki farin bango ko sararin sama, a ƙara girman hoton a allo, a duba ko akwai baƙin tabo da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, domin wannan ƙura ce a ciki, kuma cire ta sai an kwance kyamarar. A gwada fitilar a cikin inuwar shago, a ɗauki ɗan bidiyo a ji muryar, a mayar da harshen allon zuwa Faransanci tunda da shi yaron ke karatu a makaranta, sannan a bar shi ya riƙe ta ya danna da kansa, a ga ko yatsunsa sun kai. A yi ciniki da sharaɗin dawowa da ita idan wani aibi ya bayyana cikin kwana biyu ko uku, a gaban shaida.

Kafin a sakar masa ita, a kafa masa ƙa'idoji. Ba ya ɗaukar mutum sai ya gaishe shi ya nemi izini, musamman mata da dattawa da abin da ke cikin gidajen mutane, kuma ba ya nuna ta ga barikin soja ko shingen jami'an tsaro. Ba a barin ta a rana ko cikin mota a rufe, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ba a goge gilashin da bakin riga, sai an hure ƙurar tukuna sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Duk ƙarshen wata kuma wani babba ya kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko waya, ya duba su tare da yaron, su zaɓi biyu ko uku a kai wa mai hoto ya wanke.