Yadda Ake Rubuta Labarin Kaboyi Na Yaro Maraya

Yawancin masu gwada irin wannan labari a karon farko wuri ɗaya suke faɗuwa. A babi na ɗaya 'yan fashi su kashe iyayen yaro a gabansa, a babi na biyu sai ka ga an rubuta "bayan shekara goma sha biyu", ga shi ya zama ƙato da bindiga biyu a ƙugu yana neman fansa. To shekarun nan da aka tsallake su ne littafin. Mai karatu ya zo ne ya ga yadda ɗan shekara goma da ba shi da kowa ya ci, ya kwana, ya koyi sana'a a ƙasar da maƙwabci ke da nisan rabin yini a kan doki. Ba zan tsaya kan tsara babi ko rubuta hira ba, na ɗauka ka iya wannan.

Mataki na 1: Kafa shekara da wuri kafin ka raɗa wa yaron suna

Zamanin kaboyi gajere ne ƙwarai. Korar shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas ta kankama ne bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, garin Abilene ya zama kasuwar shanu a 1867, kafin 1890 kuma harkar ta mutu. Shekara ce ke faɗa maka abin da zai iya shiga labarin. Layin dogo ya haɗa gabas da yamma a 1869. Wayar shinge mai ƙaya sai 1874 Joseph Glidden ya samu takardar mallakar fasaharta, don haka idan yaronka ya yage wando a jikinta a 1868, ka yi kuskure. A 1874 ɗin ne kuma fara ta cinye gonaki a Kansas da Nebraska, sanyin 1886 zuwa 1887 kuma ya hallaka shanu ba adadi a arewacin filayen.

Shawarata, ka haife shi a 1858, ya zama maraya a 1868, labarin ya ƙare wajen 1877. Ja layi huɗu a takarda: shekara, shekarun yaro, inda yake, wanda ke ciyar da shi. Kada ka fara babi na ɗaya sai ka cike layi na huɗu daga sama har ƙasa.

Mataki na 2: Kashe iyayen yadda ake mutuwa a wancan lokaci

Ka rabu da 'yan fashi. A kan hanyar Oregon da masu ƙaura zuwa yamma suke bi, wadda ta kai kusan mil 2,000 kuma take cin wata huɗu zuwa shida da keken shanu, cuta ce ta fi kashe mutane, musamman kwalara: mutum ya tashi lafiya da safe, kafin wata safiyar an binne shi a gefen hanya. Sai nutsewa a mashigin kogi, bindiga ta tashi bisa kuskure, ƙafar keke ta taka mutum, mace ta rasu wajen haihuwa. A 1844 yara bakwai na gidan Sager suka rasa uba da uwa a kan wannan hanya, 'yan ayari suka lallaɓa da su har aka miƙa su ga wani ɗan mishan, Marcus Whitman, da matarsa. Irin wannan mutuwa ta fi amfani gare ka, domin ba ta bar wa yaron wanda zai kashe ba, dole labarin ya koma kan rayuwa.

Akwai wata ƙofar. Daga 1854 zuwa 1929 ƙungiyoyin agaji na New York sun riƙa loda marayu da yaran titi a jirgin ƙasa zuwa garuruwan manoma, a jera su a coci ko zauren taro, manoma su zo su zaɓa, wasu har suna taɓa damtsen yaro su ji ko zai iya aiki. Sau da yawa a nan ake raba wa da ƙane.

A kula da abu ɗaya: hannunmu ya saba da marayan da kishiyar uwa ko matar kawu ke gana wa azaba. Wannan yaron ba shi da dangi kusa, suna can gabas ko ma Jamus ko Ailan, wasiƙa na iya yin makonni a hanya. Wahalarsa ita ce babu wanda riƙonsa ya zama wa dole.

Mataki na 3: Wa ke ciyar da shi, me yake biya da shi

Nan ne aikin yake, nan za ka kashe kashi biyu cikin uku na littafin. Duk wanda ya ɗauki maraya a can ƙarin hannu ya ɗauka. Raba shekarun gida uku, kowanne da mai riƙo daban da aikin da yaron zai koya da jikinsa.

Daga shekara 10 zuwa 13, ka ajiye shi a gonar wani. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ba wanda ya kai shekara 21 ko magidanci eka 160, da sharaɗin ya zauna ya noma shekara biyar. Dokar ta kuma ce idan uwa da uba suka mutu suka bar yara ƙanana, haƙƙin filin na yaran ne, mai riƙonsu na iya sayar da shi cikin shekara biyu don amfaninsu. Ka ga rikici a hannu ba sai an harba ko harsashi ɗaya ba: maƙwabcin da ya ɗauki yaron don tausayi ne, ko don filin? Kada ka yanke hukunci da wuri, bar mutumin ya zama yana da duka biyun. A filayen Nebraska da yammacin Kansas itace ya yi ƙaranci, don haka ɗakin da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa ake gina shi, rufin na zubo da ƙasa cikin abinci, wuta kuma da busasshen kashin ɓauna ko na shanu ake hura ta. Yaron ne zai tsinto shi, ya ɗebo ruwa, ya yi tatsa, ya fasa ƙanƙarar da ta daskare a kwamin dabbobi da asuba.

Daga 13 zuwa 16, ka kai shi ayarin shanu, amma kada ka ɗora shi a gaba. Garke ɗaya kan kai shanu 2,500 zuwa 3,000, da mutum goma zuwa goma sha biyu, ana tafiyar mil 10 zuwa 15 a rana don kada shanun su rame, wata biyu zuwa uku kafin a isa Kansas. Mafi ƙanƙanta a ayari aikinsa kula da dawakin canji, tunda kowane mahayi na da dawaki da yawa da yake sauyawa. Shi zai tattaro su tun duhu, ya tare su cikin da'irar igiya kowa ya zargo nasa, sannan ya taya mai dafa abinci neman makamashi da wanke kwanoni. Idan ya samu ci gaba, sai a sa shi a bayan garke yana koro ragwaye da guragu, yana shan ƙurar shanu dubu uku. Albashin mahayi dala 25 zuwa 40 ne a wata, nasa ya gaza haka, kuma sai an sayar da shanu ake biya.

Kada ka rubuta "ya sha wahala matuƙa". Nuna ta kusa, kamar haka: ya ɗora sirdi ya ja majayi, bai san dokin ya kumbura ciki ba, da ya sa ƙafa a likkafa dokin ya saki numfashi, sirdin ya juye da shi ƙasa, babu wanda ya yi dariya kuma babu wanda ya ɗaga shi, mai dafa abinci dai ya ce kofi na hucewa. Babi uku gaba, ka nuna shi yana jan majayi, ya ja dokin taku kaɗan, ya sake ja, ba tare da ka yi sharhi ba. Mai karatu zai gane ya girma.

Kowane babi a wannan sashe ya koya masa abu ɗaya: jifan zarge, yi wa maraƙi lalas, gadin dare na awa biyu ana zagaya shanu ana rera musu waƙa don kada su firgita, tsallaka kogin Red da ya cika, tsawa ta fasa garke cikin duhu. Kogi da tsawa sun ishe ka tashin hankali. In kana son jin yadda garke ke numfashi da dare, je ruga ka zauna da makiyayi yini guda, ya fi kallon fim goma, sai dai ka tuna shanun Texas rabinsu na daji ne, ba su san kira ba.

Wata gajeriyar hanya: ba sai ka sayi littattafan tarihi masu tsada ba. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zuba tsofaffin hotuna da taswirori kyauta a intanet, har da hirarrakin da aka yi da tsofaffin makiyaya a shekarun 1930. Data kawai za ka ƙona. Sauke taswira ɗaya ka auna kowace tafiya a kanta, doki ɗaya da mahayi ba ya wuce mil 20 zuwa 30 a yini idan tafiyar ta kwanaki ce.

Mataki na 4: Jinkirta bindiga

Kada ya riƙe tasa kafin tsakiyar littafi, kuma ta fara yi masa aiki a kan maciji ko dokin da ya karye. Ƙaramar bindigar Colt mai cin harsashin ƙarfe da aka fi sani ta fito a 1873. Kafin nan yawancinsu ɗura albarushi da dalma ake yi rami bayan rami, abin na cin lokaci. Ramuka shida ne, masu hankali biyar suke cikawa don kada ta tashi a ƙugu. Garuruwan shanu irin su Dodge City sun hana yawo da makami cikin gari. Ko shahararren artabun garin Tombstone na 1881 bai wuce rabin minti ba, mutum uku suka mutu. Harbi ɗaya a littafi, wanda yaron zai kwana da shi, ya isa.

Mataki na 5: Cika ƙasar da mutanenta

Masana tarihi da dama na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan ayari baƙaƙen fata ne, da yawansu 'yantattun bayi, sana'ar kanta kuma daga makiyayan Mekziko aka koyo ta. Wanda zai koya wa yaron aiki na iya fitowa daga cikinsu. 'Yan asalin ƙasar kuwa kada ka dunƙule su wuri ɗaya: Comanche da Kiowa a kudu, Lakota a arewa, kowa da harshensa. A shekarun da yaronka ke girma ne ake ƙarar da ɓaunar da suke rayuwa a kanta, a 1875 Quanah Parker, jagoran Comanche, ya miƙa wuya a sansanin soja na Fort Sill. Filin da yaron ke kira gadonsa daga hannun wasu aka karɓe shi, bari ya ji haka daga bakin wani.

Mataki na 6: Rufewa da gyara

Shekara 16 zuwa 19 babi huɗu ko biyar sun isa. Ba shi zaɓi ɗaya mai tsada: ya koma neman filin ubansa, ko ya bi shanu arewa. Da ka gama, ɗauko takardar nan mai layi huɗu ka bi babi babi. Duk inda yaro ya yi magana kamar dattijo, rage. Duk inda ya iya abin da ba a nuna ya koya ba, koma baya ka saka babin koyon. Sunaye su zama na wurin da zamanin, kuɗi a dala, tafiya a mil, sannan ka ba wanda ya san doki ya karanta maka babin ayari kafin ka saki shafi na farko.