Yadda za ku raya filin unguwarku da shawarar masu zama a cikinta

Kusan kowace unguwa a Kaduna tana da wani fili da aka yi watsi da shi. Yara na buga ƙwallo a gefe guda, ɗaya gefen ya zama juji, in ruwan Agusta ya sauka kuma ya koma tafki. Filin nan zai iya ba ku inuwa a zafin Maris da Afrilu, ya kuma shanye ruwan da ke shiga gidaje da damina, muddin an tsara shi tare da masu amfani da shi.

Ku fara da sanin mai filin. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka ku tafi da mai unguwa da kansila ku bincika a KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kaduna, sannan ku nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Kada a tara kuɗin jama'a a kan filin da takardarsa ke aljihun wani.

Daga nan kada ku yi saurin kiran taro. Ku jira a tafka ruwa, washegari da sassafe ku bi sawunsa da ƙafa: ta ina ya shigo, wace kwata ce ledar fiya wata ta toshe, katangar wa ta jiƙe har gwiwa. Wanda ya yi damina a Kigo Road ko Rafin Guza, kusa da kogin Kaduna, ya san wannan karatun. Ku tafi da tsofaffin unguwa, domin su ne za su nuna muku inda rafi yake bi kafin a gina gidaje a kansa, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa.

Sai jin ta bakin jama'a, wanda a ganina nan ne aikin yake. In kun tara kowa a firamare bayan la'asar, dattawa uku ne za su yi magana, saura su ce "haka ne, ranka ya daɗe". Ku raba zaman. A samu mata a Islamiyya da wajen zumuntar mata a coci, mace ta jagoranci hirar. A samu matasa bayan an tashi ƙwallo, a zauna da mai shayi da masu Keke Napep da ke fakin a bakin filin. Kada ku ce "me kuke so?" Ku ce, "Mama, me ke hana ki zama a filin nan?" A nan za ku ji maganar duhu da dare, da rashin banɗaki, da 'yan shaye-shaye.

Zanen ma a ƙasa za a yi shi, a cikin filin. A ja layi da sanda, a zuba toka inda ruwa ke bi, a ajiye dutse duk inda ake son bishiya, kowa ya matsar da nasa har a daidaita, sannan a ɗauki hoto da waya a kai wa injiniya. Ku roƙe shi kada ya shafe filin da siminti. Wajen da ya fi gangare a bar shi ƙasa da ciyawa don ruwa ya nutse.

Darbejiya da maɗaci da tsamiya suna jure rani. Mangwaro na da inuwa, amma ku tambayi mai gidan da ke kusa ko zai jure jifan yara a kan kwanonsa. Ceɗiya kuwa a nisanta ta da katanga saboda saiwarta.

Ku dasa a Yuni ko Yuli. A kewaye kowane dashe da keji saboda awaki, a rubuta sunan gidan da ya ɗauki nauyin ba shi ruwa daga Nuwamba har ruwan fari ya sauka, rani biyu a jere.