Yadda Ake Tara Ruwan Sama Daga Rufin Gida a Zamanin Sauyin Yanayi

Masana sun tabbatar da cewa duk lokacin da ɗumin iska ya ƙaru da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas, tururin ruwan da take iya riƙewa yakan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a wurare da dama ake tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i kaɗan, ya yi ambaliya ya wuce, sannan a shafe makonni ana duban sama. Ga magidancin da yake son rage dogaro da rijiya ko famfo, rufin gidansa ne wurin farawa.

Kafin a sayi tanki, a yi lissafi. Milimita 1 ta ruwan sama idan ta sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce. A ce tsawon ginin mita 10 ne, faɗinsa ma 10, kuma yankin yana samun milimita 600 a shekara: lita 60,000 ke nan. A cire kashi ɗaya cikin biyar saboda fantsama da yoyo, saura 48,000, wanda zai ishi mutum shida kwana 160 idan kowa yana amfani da lita 50 a rana. Ba duka za a adana a lokaci guda ba, tunda ana ɗiba ana ƙari. Tsawon ranin da ake son tsallakewa shi ne zai nuna girman tankin.

Sai a kewaye bakin rufin da makwarara mai ɗan gangara zuwa bututu, a sa raga a mashigarsa don ta tare ganye. Inda mutane da yawa suke kuskure shi ne ruwan farko. Wanda ya taɓa tara bokiti a ƙarƙashin indararo bayan dogon rani ya san yadda yake zuwa, ja wur da ƙura, da kashin tsuntsaye da matattun ƙwari. Maganinsa bututu ne a tsaye kafin tanki, wanda aka toshe gindinsa da murfi: dattin ruwan zai fara cika shi, mai tsabta ya wuce ta samansa. Bayan kowane ruwa a kwance murfin a zubar, in ba haka ba aikin banza aka yi.

Tankin ya zama wanda haske ba ya ratsawa, domin haske ne ke haifar da gansakuka, kuma a rufe shi ruf saboda sauro da yara. Lita 1,000 nauyinta tan guda ne, don haka daɓen da zai zauna a kai ya zama mai ƙwari. Ruwan sha kuwa, kome haskensa a ido, a tafasa shi ko a sa masa kulorin.

Idan tanki ya cika, kada a bar rarar ta bi kwata. A haƙa rami nesa da harsashin gini da kuma masai, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a shimfiɗa yashi a sama, sannan a karkatar da bututun rarar zuwa can, domin ruwan ya nutse a hankali ya koma ƙarƙashin ƙasa, inda rijiyoyi suke samun nasu.