Yadda Ake Zama Lauyan Masu Neman Tallafin Naƙasa a Amurka

Duk mai son rungumar wannan aiki a Amurka zai fara da karatun lauya na shekara uku bayan digirin farko, sannan ya ci jarrabawar samun lasisi a ɗaya daga cikin jihohin ƙasar. Da yake tallafin na gwamnatin tarayya ne, lasisin jiha guda ya ishe shi ya tsaya wa mai ƙorafi a gaban SSA, hukumar gwamnatin tarayya da ke kula da wannan tallafi, ko daga wace jiha mutumin ya fito.

Shirye-shirye biyu ne zai riƙa aiki da su. Akwai SSDI, wanda aka kafa a 1956 domin ma'aikatan da suka biya haraji daga albashinsu, akwai kuma SSI, wanda ya fara biya a 1974 domin masu ƙaramin ƙarfi. A duka biyun, ba sunan ciwo ake tambaya ba. Abin da doka ke nema ga baligi shi ne larurar da ta hana shi aikin samun abin dogaro, wadda ta kai ko za ta kai wata 12, ko kuma za ta yi ajalinsa.

Idan hukuma ta ƙi amincewa, sai a nemi ta sake duba takardun, daga nan a je gaban alƙalin hukuma, sai majalisar ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya, wadda ita kuma take buƙatar lauya ya sami izinin tsayawa a gabanta na daban. Tsakanin kowane mataki da na gaba kwana 60 ne daga ranar da takardar hukunci ta iso. Lauyan da ya bari wa'adin nan ya wuce ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba yana iya jawo wa mara lafiya asarar kuɗin watanni masu yawa, don haka rubuta ranakun nan shi ne aikin farko da zarar an cike fom mai lamba SSA-1696 na naɗa wakili.

A ganina, zaman da ake yi a gaban alƙali shi ne inda ake gane ƙwararre, kuma yawancin aikinsa ya ƙare tun kafin ranar. Dole ya bi asibiti ɗaya bayan ɗaya ya tattaro bayanan likitoci, ya miƙa su ko ya sanar da alƙali game da su aƙalla kwanakin aiki biyar kafin zama. Takardar da ta ce mutum yana fama da ciwon baya ba ta da nauyi sosai. Wadda ake buƙata ita ce wadda likita ya fayyace minti nawa mutumin zai iya tsayuwa, nauyi nawa zai iya ɗauka, da kwana nawa ciwon zai hana shi fita aiki a wata. Da waɗannan ne lauya zai yi wa masanin sana'o'in da alƙali ya gayyato tambayoyi, har ya nuna cewa ayyukan da masanin ya lissafa sun fi ƙarfin wanda yake karewa. Ya kuma lura da shekaru, domin ƙa'idojin suna sassautawa ga wanda ya kai 50, su ƙara sassautawa a 55.

Shi ma mai ƙorafin sai an shirya shi. Mutane da yawa, saboda kunya ko juriya, sukan ce wa alƙali sun ji sauƙi alhali ba sa iya wanka sai da taimako. Lauya na gari yakan zauna da su ya koya musu faɗin halin da suke ciki, ba ƙari ba ragi.

Batun lada kuma yana buƙatar haƙuri. A bisa yarjejeniyar da aka fi amfani da ita, lauya ba ya karɓar ladan aikinsa sai an yi nasara, sannan a ba shi kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tallafin watannin baya da suka taru, bisa iyakar da hukuma ta ɗaga zuwa dala 9,200 a ƙarshen Nuwamban 2024. Tunda shari'a guda takan haura shekara, sabon lauya zai fi samun natsuwa idan ya fara a ƙarƙashin wani ofishin lauyoyi ko ƙungiyar ba da taimakon shari'a kyauta, kafin ya buɗe nasa.