Yadda ake buga hoton 'yan wasan kabuki da katako, irin na Japan

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, mai son wasan kwaikwayon kabuki a Japan yakan sayi hoton ɗan wasan da yake ƙauna a buge a takarda, da kuɗi kaɗan. Irin wannan hoto shi ake kira yakusha-e. Gwanin da aka fi ambato shi ne Toshusai Sharaku, wanda ya ɓullo a 1794, ya yi zane kusan 140 cikin wata goma, sannan aka daina jin ɗuriyarsa. Sunansa ne a jikin hoton, amma aikin na mutum huɗu ne: mai jari (a wajen Sharaku, Tsutaya Juzaburo), mai zane, masassaƙi da mai bugu. A ganina, kyan hoton yana hannun biyun ƙarshe, kuma su ne ba a cika tunawa da su ba. Ga yadda aikin yake tafiya.

Da farko ka zana ɗan wasan da baƙar tawada a takarda marar kauri, layi kawai, ba launi. Zaɓi lokacin da ya ƙame a tsakiyar wasa ya zare ido, tsayuwar da ake kira mie. Kada ka manta tambarin gidansu a jikin riga, domin da shi 'yan kallo suke gane ko wane ne. Jan zane a fuska na jarumi ne, shuɗi na mugu.

Sai ka kifa zanen a kan katakon icen ceri da aka goge sumul, ka manna shi da talgen shinkafa. Ka murje bayan takardar da yatsa a hankali har layukan su fito. Ka sani daga nan zanen asali ya tafi ke nan, wuƙa za ta cinye shi.

Sassaƙa ita ce inda ake daɗewa. Kowane layi za ka yanki gefensa biyu da wuƙa, ka ƙwaƙule filin da ke tsakani, layin ya rage a tsaye. Wurin da ya fi wuya shi ne gaban goshi, inda gashi yake fitowa sili-sili. A da, babban masassaƙi ne kaɗai yake taɓa kai da fuska, almajirai su yi riga da sauran jiki. Kafin ka ajiye wuƙa, ka yanka alamomi biyu a gefen katakon, ɗaya a kusurwa, ɗaya miƙaƙƙiya. Sunansu kento, kuma a kansu takarda za ta riƙa zama duk lokacin da aka ɗora ta. Idan suka goce ko da kaurin gashi ne, jan leɓe zai hau haɓa. Da wannan dabara aka samu bugu mai launuka da yawa, wanda ya kankama a 1765 da ayyukan mai zane Suzuki Harunobu. Tun da farko, baƙin layi ake bugawa, a shafa launi da hannu, daga baya aka fara buga launi biyu ko uku.

Daga wannan katako na farko ka buga takardu da dama, ka nuna a kowace ɗaya inda launi guda zai zauna, ka sassaƙa wa kowane launi nasa katakon tare da kento ɗinsa.

Takardar bugu ta ɓawon bishiyar kozo ce, ta yankin Echizen na Japan ce aka fi yabo. Akan shafa mata ruwan gam da alif don kada launi ya malale, sannan a ɗan jiƙa ta ta kwana da danshi.

Yanzu bugu. Ka ɗiga launi da ɗan talge a kan katako, ka baza da buroshi. Ka aza takarda a kan kento, ka murza bayanta da baren, wani abu mai kama da ƙaramin faifai, naɗaɗɗiyar igiya a ciki, ɓawon gora a waje. Ba inji, ƙarfin kafaɗa ne ke tura launin cikin zaren takarda. Baƙin layi ake fara bugawa, sai launuka masu haske, masu duhu su biyo baya. Akan gama launi ɗaya a kan takardu kimanin 200 kafin a koma na gaba. Idan kana son launi ya dusashe sannu a hankali, ka jiƙa gefe ɗaya na katakon kafin ka shafa. Bangon nan mai duhu da sheƙi da ke bayan manyan fuskoki 28 na farko da Sharaku ya fitar, kamar na ɗan wasa Otani Oniji na uku mai buɗaɗɗun yatsu, garin dutse mai ƙyalli ne da gam.

Saura batun kwafi. A intanet ana sayar da waɗannan hotuna an kwaikwaye su da buroshi da fenti a kan kyalle. Ba laifi a rataya su a ɗaki, amma wata sana'a ce daban, kada a sayar maka da su da sunan bugun katako. Akwai kuma masu sake sassaƙa tsofaffin zane su buga da hannu, kamar cibiyar Adachi da ke Tokyo, wadda ta faro tun 1928. Wannan sabon bugu ne, amma ta hanyar asali. Don ka tantance, juya takardar: bugun hannu yana barin sawun baren, launi kuma yakan ɗan ratso ta baya. Duba gaban da gilashi mai ƙara girma. In ka ga ƙananan ɗigo a jere, aikin inji ne. In ka samu na gaske, ka nisanta shi da hasken rana, domin launukan da aka samo daga tsirrai, musamman shuɗi da ruwan hoda, suna saurin koɗewa.