Yadda Ake Zana Tsuntsaye Masu Ƙaura a Sararin Sama

1. Da fensir, ja layi biyu marasa kauri su haɗu a gaba kamar harafin V, ɗaya ya fi tsawo. Haka dinya ke jeruwa.

2. Fara da ta kan gaba: jiki kamar dogon ƙwai, sannan wuya. A nan ka natsu sosai, don wuyan ne ke nuna irin tsuntsun. Dinya da shamuwa miƙe shi suke yi in suna tashi, balbela da zalɓe kuwa naɗe shi suke yi. Ƙafafun shamuwa sukan zarce wutsiya.

3. Kada fukafukai su zo iri ɗaya: wannan sama, wancan ƙasa, wani a shimfiɗe.

4. Na nesa ka ƙanƙanta su, launinsu dishi-dishi.

5. Goge layukan farko.